Saje Mai Alli

Suna biyu mahaifinmu yake amsawa, Allah ya jiƙansa da rahama. Waɗanda suka san shi cikin kaki suna ce masa Saje. Waɗanda suka zauna gabansa a aji suna ce masa Malam. Da ya rasu, tsofaffin sojoji da tsofaffin ɗalibai suka haɗu wurin ta'aziyya, kowane ɓangare yana ganin shi ne ya fi sanin mamacin. Da hira ta yi nisa sai aka tarar shaida ɗaya duk suke bayarwa: mutum ne da ba ya tsallake mataki. Mu 'ya'yansa muka ga ya kamata mu rubuta yadda yake aikinsa dalla-dalla. Yabo dai kowane mamaci yana samu, amma hanyar aiki in ba a rubuta ba tare da mai ita ake binne ta.

Baba ya shiga soja a 1967, da takardar firamare bakwai a hannunsa. A watan Yulin shekarar yaƙin basasa ya ɓarke. Sojan Najeriya a lokacin bai fi mutum dubu goma ba, amma kafin a ajiye makamai a Janairun 1970 ya kai wajen 250,000. Duk wanda ya san aikin horar da mutane ya san abin da wannan lissafi yake nufi: horon kurtu da aka saba yi cikin watanni sai aka dunƙule shi cikin makonni, domin fagen daga ba ya jira.

Misalin da ya fi bayarwa daga wannan zamani shi ne na sauke harsashi daga bindiga. Bindigar da ya riƙe FN ce, mai gidan harsashi da ke ɗaukar ashirin. Ƙa'idar ita ce ka juya bakinta inda ba kowa, ka sa makulli, ka zare gidan harsashin, sannan ka ja mariƙin ɗanawa baya don wanda ke kwance a ciki ya fito, ka leƙa da idonka ka ga wurin fayau, kafin ka saki. Kurtun da ke sauri yakan juya biyu daga cikin matakan: ya fara jan mariƙin, ya ga harsashi ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, hankalinsa ya kwanta, sannan ya zare gidan. Bai san cewa da mariƙin ya koma gaba ya riga ya tura wani sabon harsashi ciki ba. Bindigar da yake rantsuwa babu komai cikinta a ɗane take. Baba ya ce duk matakan yaron ya yi su, ko ɗaya bai bari ba, jerin kawai ya ɓata, kuma wannan ya isa a rasa rai. Shekara talatin bayan haka, in yana gyara wa sabon malami shirin darasi, wannan labarin yake ba shi.

Saboda yana karatu da rubutu, sai aka ɗora masa taswira da kamfas a wata bataliya ta Runduna ta Ɗaya, wadda Kanar Muhammadu Shuwa ya jagoranta daga arewa, ta bi ta Nsukka ta kama Inugu a farkon Oktoban 1967. Yawancin abokansa 'yan fili ne, sun saba hango dutse ko kuka daga nesa su san inda suka dosa. A kurmi ba a hangen komai. Mutum yakan yi tafiyar awa biyu yana ganin miƙe yake, ashe kewaye yake yi. Don haka komai ya koma lissafi.

A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita biyu kilomita guda ke nan a ƙasa. Ana faɗin wuri da lambobi shida: ukun farko na nuna gabas, ukun ƙarshe na nuna arewa, kuma suna kai mutum cikin murabba'in mita ɗari. In mai karantawa ya fara da na arewa, to motar kayan da aka aika, ko wutar igwa da aka nema, wani wuri dabam za ta sauka. Kamfas kuwa ba ya shiri da ƙarfe. In ka karanta shi bindiga na rataye a ƙirjinka, ko hular kwano na kanka, ko kana jingine da mota, allurar za ta karkace kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin bayan kilomita uku ya zama babbar ɓata. Nisa da taku ake auna shi. Baba yana ƙirga duk saukar ƙafarsa ta hagu, sittin da biyu ne mita ɗari a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A hawa, ko cikin taɓo, ko da dare, taku yana gajarta, sai ya ƙara. Yana zuba tsakuwa goma a aljihun dama, duk mita ɗari ya mayar da ɗaya hagu. In dama ta ƙare an ci kilomita. Ya ce kai yakan manta ƙirge da zarar an ji harbi, aljihu ba ya mantawa.

A hanyar Umuwahiya, cikin Afrilun 1969, wani bam ya faɗi kusa da shi. Bai ji rauni a jiki ba, amma kunnensa na hagu daga ranar bai ƙara ji ba. Iyakar abin da yake faɗa game da wannan rana ke nan. Yaƙin ma gaba ɗaya ba ya son a mai da shi hira. Abu guda ne ba ya yarda a yi a gabansa, wato a yi wa mutanen da aka yaƙa ba'a. Yakan ce wanda ya ga yaran da yunwa ta kumbura wa ciki ba zai yi dariya da sunan yaƙin nan ba.

Bayan 15 ga Janairun 1970 barikoki suka cika da mazaje waɗanda suka iya wargaza bindiga su harhaɗa ido a rufe, amma ranar albashi sai dangwale. Tun a daji Baba ke rubuta wa abokansa wasiƙun gida, don haka da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a barikinsu ba a sha wahalar neman malami ba. A nan ya gano cewa hanyar da ake koyar da fareti ita ce dai hanyar koyar da baƙi da wasali. Mataki huɗu ne: bayani a taƙaice, nuni a hankali kowa yana kallo, kwaikwayo tare da malami gaɓa-gaɓa, sannan maimaici har hannu ya riƙe da kansa. Ba a shiga na gaba sai na baya ya zauna.

Koyar da babba yana da nasa tarkon. Hannun da ya saba da ƙarfe yakan danne fensir har bakinsa ya karye, don haka makon farko a kan rairayi suke rubutu da yatsa, sannan alli, sannan fensir. Waɗanda suka yi karatun allo sun fi saurin gane cewa harafi sauti ne, amma hannunsu daga dama yake son tashi, sai ya sa musu ɗigo a gefen hagu na kowane layi. Babbar matsalar ita ce kunya. Kofur ba zai yarda ya yi kuskure a gaban farabiti ba, gara ya daina zuwa. Sai ya raba su lokaci dabam-dabam. Kuma darasin farko ba a, b, c ba ne, sunan mutum ne da lambarsa ta soja. Duk wanda ya sa hannu da alƙalami a ranar albashi na gaba, abokansa na dangwale suna kallo, ba sai an roƙi kowa ya zo aji ba.

Canjin kuɗi na Janairun 1973 ya ƙara masa ɗalibai. Fam ɗaya ya zama naira biyu, wannan bai ba kowa wuya ba. Rikicin yana wurin kwabo. A tsohon lissafi kwabo goma sha biyu ne sule, sisi kuma kwabo shida. A sabo, sule kwabo goma ne, sisi biyar, ga shi sunan kwabon bai canja ba. Soja ya ƙirga canjinsa ya ga kamar an zambace shi biyu, sai rigima. Baba ya mai da wannan ƙofar koyar da gidan ɗaya, gidan goma da gidan ɗari, ya ce ai gwamnati ce ta sauƙaƙa masa aiki.

Lokacin da ake rage yawan sojoji ya karɓi sallama yana da igiya uku. Ya fito daidai da buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a Satumban 1976. An yi tanadi don yara wajen miliyan 2.3, kimanin miliyan 3 suka zo. Azuzuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba, aka ɗauki duk wanda zai iya tsayawa gaban allo. Haka Baba ya fara, ba shi da takardar malanta, aka miƙa masa aji ɗaya mai yara sama da tamanin. Da yake yawancinsu ba takardar haihuwa, gwajin shekaru shi ne yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Baba bai taɓa gamsuwa da wannan ba. Ya ce tsawon hannu ake aunawa, kuma yaron da bai samu ƙoshi ba yana iya kai bakwai hannunsa bai kai ba, a kore shi, shekara ta wuce shi a banza.

Yara tamanin ba a koyar da su a dunƙule. Ya kasa su goma-goma kamar yadda ake kasa soja, kowane rukuni da shugabansa, kuma shugabancin yana zagayawa duk mako don kada ya zama sarauta. Shugaba ke raba alli da alluna, shi ke tattarawa, shi ke faɗin wanda bai zo ba. Abin da kan cinye wa malami minti goma sai ya koma minti biyu. Darasin minti talatin da biyar kuma ga yadda yake yanka shi: biyar na tuna jiya, goma na sabon abu, goma sha biyar yara na yi da hannunsu yana zagayawa, biyar na ƙarshe ya gwada ko ya shiga. Sabon abu guda ɗaya tak. In shirin darasin malami yana da sabon abu biyu, Baba yakan ja layi a tsakiya ya rubuta “gobe” a kan na biyun.

A karatu da wasula biyar yake farawa, sai sun zauna sannan ya kawo baƙi ɗaya ya aura musu: ma, me, mi, mo, mu. Ba ya koyar da b da d a mako guda, domin a idon yaro abu ɗaya ne aka juya, kamar ƙoƙon da aka fuskantar dama ko hagu. Sai ɗaya ya yi mako biyu a hannu kafin ɗayan ya shigo. Masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, da kunne yake fara su kafin ido, ta hanyar kalmomin da lanƙwasar kaɗai ta raba: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bata da ɓata, kasa da ƙasa. Yaro ya ji bambancin, ya yi dariya, sannan a nuna masa ƙugiyar da ke ɗauke da shi.

Abin da ya fi tsana shi ne karatun aku. Aji ya ɗauki ba, be, bi, bo, bu da waƙa har makwabta su ce makarantar nan ana karatu, alhali rabin yaran idonsu na kan taga. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ya ɗora sanda a kan bo ba tare da ya bi jeri ba, ko ya faro daga ƙarshe, ko ya rubuta gaɓar a wani lungun allo ita kaɗai. Wanda ya haddace waƙa nan take zai tsaya cak.

A lissafi ma ba ya wuce amsar da ba daidai ba da jan biro kawai. Yakan ce kowane kuskure yana da uwa, a nemo ta. In aka ba yara 52 a ɗebe 27, da yawa za su rubuta 35. Ba zato suka yi ba, ƙa'ida suka bi: a kowane gida sun cire ƙarami daga babba, biyu daga bakwai, biyu daga biyar. Maganinsa tsinke ne, a ɗaure goma-goma da zare. Yaro ya ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu, a ce ya ba da bakwai. Zai duba ya ga ba su kai ba, da kansa zai kwance ɗauri guda. Ranar da ya kwance da hannunsa, ranar ya gane aro, kuma 25 za ta fito. Haka in aka ce a rubuta ɗari da biyar, wani zai rubuta 1005, domin abin da kunnensa ya ji ke nan, ɗari sannan biyar. Wannan ba a gyara shi da tsawa, sai da gidaje uku da aka zana a ƙasa, kowane gida lamba ɗaya kawai yake ɗauka, wanda ba kowa a cikinsa a sa masa sifiri ya tsare ƙofa. Yana kuma lura da yaran da suka saba jin “ashirin ba biyu” a bakin manya, don sukan rubuta 22 a maimakon 18.

Kunnensa da ya mutu ya yi wa ɗalibansa amfanin da mai kunne biyu bai cika yi ba. Ya san yadda mutum yake gyaɗa kai alhali bai ji ba, don shi ma yana yi. Saboda haka kafin a kira yaro daƙiƙi a gabansa sai an duba abu uku: ido, kunne, da ciki. Na ido, ya sa yaron a bencin ƙarshe ya rufe ido ɗaya ya karanta allo. Na kunne, ya tsaya bayansa taku shida, yaron ya toshe kunne ɗaya, ya faɗi lamba ƙasa-ƙasa, yaron ya nuna ta da yatsu. Na ciki kuwa tambaya ce kawai a keɓe, ba a gaban aji ba. Da yawa daga waɗanda aka yanke wa ƙauna, matsar da su benci na gaba kawai aka yi suka farfaɗo. Shi kansa allon yana da doka: harafi ya kai faɗin yatsu huɗu, kuma bayan ya rubuta sai ya taka har bangon baya ya karanta da idonsa, ya duba ko hasken taga yana wanke wani gefe.

Rajista a wurinsa ba ta sufeto ba ce. Yana kiranta safe da rana, ranar Juma'a kuma ya zauna ya karanta ta kamar taswira. Yaron da ke fashi rana ɗaya tak duk mako, aiki ake sa shi ranar. Wanda ke zuwa da safe ya ɓace da rana, ko yunwa ko nisa. Sifiri uku na fashi a jere kuwa, Baba yana ƙofar gidan yaron kafin na huɗu, domin ya ce yaron da ya yi mako biyu a waje kunyar dawowa ce ke riƙe shi, ba abin da ya fitar da shi tun farko ba.

A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta tura sojoji makarantun sakandare don su tsare ɗa'a, kuma a idon jama'a soja a makaranta bulala ke nan. Iyaye suka riƙa kawo masa kangararrun yara suna cewa, “Saje, ga shi nan, a gyara mana shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Sai ya ce haka ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba a ce karyawa ba. A fahimtarsa, ko a soja horo na wanda ya sani ya ƙi ne. Wanda bai sani ba, malaminsa ne ke da sauran aiki. Kada a ɗauka mai sanyi ne. Makara ba ta da uzuri a wurinsa, kuma da ya zama hedimasta malamai sun ji a jikinsu fiye da yara. Yana tsaye a bakin ƙofa da agogo kafin a kaɗa ƙararrawa, yana ja wa rajistar malamai jan layi a kan minti. Gaskiya a nan yakan wuce gona da iri. Malamin da albashinsa ya yi wata biyu bai fito ba, ya zo a ƙasa daga nesa, ba a yi masa lissafin bariki. Ya rasa abokai a kan wannan, kuma sai da ya manyanta ya yarda cewa wasunsu sun fi shi gaskiya.

Takardar malanta mai daraja ta biyu ta hanyar karatu daga gida ya same ta, a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don irinsu. Da aka mai da NCE, wato takardar kwalejin ilimi, mafi ƙarancin abin da malami zai riƙe, ya sake komawa, furfura ta fara fito masa, yana zaman jarrabawa benci ɗaya da waɗanda ya koya wa ba, be, bi.

Ya ajiye aiki a 2002, da aka haɗa shekarunsa na soja da na malanta suka cika talatin da biyar. Haƙƙinsa ya yi fiye da shekara biyu bai fito ba, kuma sanadin ƙanana ne. An rubuta sunansa iri uku a takardu uku. Shekarar haihuwar da mai ɗaukar kurata ya ƙiyasta masa da ido ta saɓa da wadda ke fayil ɗinsa na malanta. Takardar da ta amince a haɗa masa aikin biyu kuma an karɓi asalinta a wani ofis, ba a sake ganinta ba. Da ya fita daga wannan, sai ya mai da abin sana'ar da ba a biya. Tsofaffin sojoji da matan waɗanda suka rasu suka riƙa zuwa da takardu a ƙunshe cikin leda, yana jera musu: takardar sallama daga soja, ta ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, na ƙarin girma bi da bi, ta albashin ƙarshe. Dokokinsa ba su da yawa. Asali ba ya barin hannunka, a nuna shi a dawo da shi. Kowace takarda kwafi uku. Duk abin da ka miƙa, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka kwafin. In suna ko shekara sun saɓa, a yi takardar rantsuwa a kotu tun kafin a miƙa fayil, domin in an bari sai an gano a can, layi ne za a sake bi daga farko.

Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, yakan goge takalminsa da kansa ya je fareti, ya tsaya ta inda kunnensa na dama zai fuskanci mai ba da umarni. Da ƙafa ta gaza sai ya riƙa zuwa ya zauna.

A cikin akwatinsa na ƙarfe mun tarar da kamfas ɗin da ya saya bayan ya bar soja, da ɗaurin tsinke shida, da littafin shirin darasi wanda bai cika ba. Ɗalibarsa ta ƙarshe matar wani abokinsa ce da ya rasu, tsohuwa, wadda ta ce ta gaji da dangwale a takardar fansho. Ya ja wa shafin gida huɗu yadda ya saba. Bayani da nuni ya sa musu alamar an yi. A ƙarƙashin kwaikwayo ya rubuta, da hannun da ya riga ya fara rawa: “Haruffa huɗu sun zauna. Har yanzu tana juya s. A sake nuni ranar Litinin, kada a wuce.”